Lissafin kason lodi, da ogan da bai son lamba 25

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullan ɗakin mita, kuma akwai maganar da ba a bari na ƙarasa ta a taro ba, gara in ƙarasa ta a nan.

Lissafin kason lodi, wato kwatanta wutar da aka sha da wadda da za a sha in lodi ya tsaya a ƙololuwarsa dare da rana, ba shi da wuya. Ka ɗauki yunit ɗin da masana'anta ta sha a wata, ka raba shi da ƙololuwar lodin da mita ta kama sau awannin watan. Wata mai kwana 30 awa 720 ne, babu ragi, domin tiransifoma da wayoyin da aka tanadar mana suna nan tsaye ko muna aiki ko muna barci. A ce mun sha yunit 36,000, ƙololuwa ta kai kilowat 200. Idan ka ninka 200 sau 720 za ka samu 144,000, kason ya tsaya a 25 cikin ɗari.

Oganmu ya ƙi jinin ganin 25 a rahoto. Sai ya riƙa rabawa da awannin aiki kaɗai, awa 8 sau kwana 26, wato 208, nan take 25 ta zama 87. Wutar da ɗakin sanyi da fitilun tsaro suka sha cikin dare ya ƙirga ta, awannin daren kuwa ya zubar. Na ce masa, "Yallaɓai, a haka wata rana sai mun haura ɗari, kuma hakan ba ya yiwuwa." Ko kallona bai yi ba. Ya rufe fayil ɗinsa, ya ce tun ina firamare yake karanta mita. Daga nan sunana ya ɓace a jerin masu shiga taron wata.

Abin da 87 ɗin nan ta rufe shi ya fi ƙona mini rai. Mita tana ɗaukar matsakaicin lodi na kowane rabin awa, wasu mitocin minti 15, ta riƙe mafi girma har ranar karatu. Mu kuwa da safe tanderu da kwamfresa da famfunan ruwa duk tare ake kunna su, sai rabin awar nan guda ta yanke mana kuɗin ƙololuwa, wato abin da kamfanin wuta ke caja a kan lodi mafi girma, na wata sukutum. Oga yana ɗora laifin kan fizgar da injina ke yi wajen tashi, alhali fizgar ta 'yan daƙiƙu ce, da ƙyar take motsa matsakaicin. Tanderu ne mai laifin, yana jan cikakken ƙarfinsa daga sanyi, sauran kuma suna kansa.

Na rubuta jadawali: tanderu ya riga kowa da awa guda, famfuna su cika tanki da dare. Takardar ta kwanta a tebur har aka ɗauko ƙwararre daga waje, aka biya shi, ya maimaita abin da ke cikinta. Oga ya gabatar da shi a matsayin dabararsa. Ma'aikatan dare dai sun san rubutun hannun wa ke manne a jikin allon sauya wuta.

Ƙololuwa ta sauko kilowat 150, yunit bai canza ba, kason gaskiya ya koma 33. Lissafin oga kuwa ya ba da 115. Shiru-shiru 720 ta dawo rahoto, ba wanda ya kira ni.

Sauran kaɗan ne. Ka riƙa karanta mita da idonka kafin bil ya iso. Ka ajiye kwafin duk takardar da ka miƙa, da kwanan wata a kanta.