Godiya daga ɗakin uwar ango

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an ɗaura, an kai amarya, jama'a sun watse lafiya. Sai yau na samu na miƙe ƙafa, murya kuwa har yanzu a dishe take, don haka ku karɓi wannan a madadin bin ku gida-gida da ban gajiya. Ni ce babbar yayar ango, ni na tsaya a matsayin mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙan ta.

Ba sai na maimaita abin da aka sha ba. Wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba ma ya ji a bakin duniya, har da ƙari. An ce asiri, an ce kwaɗayin dukiya, an ce ƙwarya ta bi ƙwarya. An ce yaron da ya shigo gidan da ƙoƙon bara, ya yi shara, ya yi wankin mota, har ya zama direba, ina shi ina 'yar maigida. Kwanan da ya yi a rufe kan zargin da ba a taɓa kawo masa hujja ba, wannan na bar wa Allah, ba zan tona shi a nan ba.

Abu ɗaya nake so in faɗa, don tun ranar yake cina a rai, ban samu wanda zan zauna in ba shi labari a tsanake ba. Ranar kai lefe ce.

Akwati biyu muka haɗa. Atamfa turmi shida, leshi ɗaya, shadda ɗaya, mayafai, takalma da jaka, sai kayan shafa. Kuɗin adashina ne da abin da ango ya tara, sai gudummawar matan layinmu. A Rijiyar Lemo wannan lefe ne na rufin asiri, ba mai raina shi. Amma Nasarawa za mu kai shi, gidan da na san ana jera akwati saiti-saiti har da mukullin mota a kai. Muka ɗauki adaidaita sahu biyu. Tun daga titin Katsina cikina yake ƙugi, bakina ya bushe, ina ta Hasbunallahu a zuci.

Da muka sauka, ƙafata da kanta ta nufi ƙaramar ƙofar gefe, wadda take kaiwa boskwata. Ita na sani. Duk shekarun da nake zuwa duba ƙanena, ta nan nake shiga, in zauna a kan benci kusa da famfo har ya gama aiki. Sai na ji an ce, "Yaya Babba, ina za ki?" Baba Maigadi ne. Ya taso da sandarsa, ya zare sakatar babban get, ya tura ɓangare ɗaya, ya dawo ya tura ɗayan, yadda yake buɗe wa motar Alhaji. Ya ce, "Yau surukai ne ku. Ta nan za ku shiga." Mu mata a ƙasa, da akwati biyu a ka, aka wangale mana get. Ya san sarai akwai masu kallonsa ta taga, ya kuma san abincinsa a hannunsu yake. Baba, na san ba ka karanta irin wannan, amma jikanka zai karanta maka. Allah Ya buɗe maka ƙofofin Aljanna takwas ka zaɓi wadda kake so. Allah Ya sa 'ya'yanka su ji ƙanka yadda ka ji ƙanmu.

A falo kuwa mun tarar da abin da muka zata. Aka bar mu a tsaye, sannan aka nuna mana kafet. Wata ta ɗaga turmi ɗaya da yatsa biyu ta tambayi ta kusa da ita ko wannan na 'yan aiki ne, na amarya yana hanya. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wallahi na fara laluben mayafina zan tashi. Sai Gwaggo Babba, yayar marigayi Alhaji, tsohuwar da sai an riƙe ta take tashi, ta ce a sauko da ita daga kujera. Ta zauna a ƙasa gwiwa da gwiwa da ni, ta jawo akwatin, ta dinga ɗaga kayan ɗaya bayan ɗaya tana sa albarka, har sabulu ba ta tsallake ba. Ta gama ta ce, ita da aka kawo nata lefen a kwalla aka kawo shi, kuma uban wannan gida da dako ya fara a Kantin Kwari kafin ya mallaki rumfa, wanda ya manta ita ba ta manta ba. Falon ya yi tsit. Ta kwance bakin zaninta ta ba mu tukwici da hannunta, ban da wanda gida ya bayar. Gwaggo, an ce ba kya son a ambace ki, ki yafe mini, ba zan iya shiru ba. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya sa ki ga 'ya'yansu, Ya sa ki cika da kalmar shahada.

Malam limamin unguwarmu, Allah Ya saka da alheri. Shi ya taka har gaban baffannin amarya, bai ɗaga murya ba, littafi ya buɗe. Ya nuna musu cewa a mazhabar Malikiyya da muke bi, kufu, wato dacewar miji da matar da zai aura, a addini yake da kuɓuta daga aibin da ke hana zaman aure, dukiya da asali ba sa ciki. Ya karanto aya ta 32 a Suratun Nur, inda Allah Ya yi alkawarin wadata matalauta daga falalarSa idan sun yi aure. Ya tuna musu Nana Khadija, wadda Manzon Allah (SAW) ya yi wa fatauci zuwa Sham da dukiyarta, kuma ita ta aika neman aurensa. Sannan ya taɓo inda gizo yake saƙar, wato gado. Ya ce 'ya mace tilo rabi ne rabonta, matar mamaci tumuni, wato ɗaya bisa takwas, ragowar na asaba ne, wato danginsa na wajen uba, kuma an riga an raba, kowa ya karɓi nasa. Abin da ya zama nata, nata ne, miji ba shi da iko da ko sisi sai da yardarta. Ya kuma faɗa musu a hankali cewa waliyyin da ya hana mace kufunta ba da dalili ba, alƙali na iya ɗaurawa. Alhamdulillahi ba a kai can ba. Ƙaramin baffanta ya karɓi waliccin, ya karɓi sadaki a masallaci a gaban shaidu, har ya riƙe hannun ango. Shi ma muna godiya, mun san abin da hakan ya jawo masa a cikin 'yan'uwansa.

Hajiya mahaifiyar amarya ba ta taɓa ce mana komai ba, alkunya ce irin ta iyaye. Amma mun san wa ya aiko da buhun shinkafa da jarkar mai da daddare ba tare da suna ba. Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya kai haske kabarinsa. Shi ya sa yaron nan a makarantar dare, shi ya biya masa kuɗin lasisin tuƙi.

Maƙwabciyata nas, wadda ta raka su gwajin lafiya da doka ta wajabta a Kano tun 2024, na gode. A gwajin jini na sikila amarya AS ce, da shi ma ya fito AS da magana ta ƙare, kuma akwai masu jiran hakan. Da nas ɗin ta kira ni ta ce AA ne, a tsakar gida na yi sujada, tukunya na kan wuta. Matan adashi da suka bar mini kwasa ba layina ba ne, Iya Mai Ƙosai da ta kwana a kan murhu, abokan ango 'yan adaidaita da suka ajiye aiki suka yi ta jigilar baƙi ba su karɓi ko kuɗin mai ba, Allah Ya biya ku da abin da ya fi.

'Yan'uwanmu na gida, mun ga waɗanda suka zo, mun gode da ɗawainiyar hanya. Ɗambatta dai ba nisa gare ta ba, motar safe kan iso kafin hantsi. Waɗanda suka ce ba za su sa kansu a faɗan masu kuɗi ba, mun ji uzurinsu. Wakilin ango sai maigidana ne ya tsaya, alhali maraya yana da baffanni a raye. Ba komai. Masu kira yanzu suna neman lambar ango, tana nan yadda take, ba ta canza ba.

Masu tambaya ko a Nasarawa za su zauna, a'a. Ɗaki biyu da falo ya kama haya a Kurna da guminsa, ita kuma ta ce nan take so. Ku taya mu addu'a, domin yanzu ne aikin ya fara. Yarinyar da ba ta taɓa jiran mai ruwa ba za ta koyi jira, shi kuma zai koyi daina sunkuyar da kai idan tana magana. Allah Ya ba su haƙuri da juna, Ya kau da idon maƙiya, Ya tsare su daga bakin mutane, Ya ba su zuriya ɗayyiba, Ya sa mutuwa ce za ta raba. Wanda ya taimaka da kuɗi, da ƙafa, da addu'a, ko da kame bakinsa kawai, Allah Ya rufa masa asiri duniya da lahira. Amin summa amin.

Akwai kuloli da faranti na mutane a gidana, da tabarmi biyu da ban san masu su ba. Don Allah a aiko yara su ɗauka kafin Juma'a.