Tarihin Rayuwar Frederick Taylor, Kashi na 4: Curin Ƙarfe da Shebur a Bethlehem

Makon jiya mun tsaya inda Taylor, injiniyan Amurka mai tsarin auna aikin ma'aikata da agogo, ya bar masana'antar ƙarfe ta Midvale ya shiga yawon ba kamfanoni shawara. A 1898 kamfanin ƙarfe na Bethlehem da ke jihar Pennsylvania ya ɗauke shi, kuma a filin kamfanin aka yi ayyuka biyu da suka kai sunansa ƙasashen da bai taɓa takawa ba.

Na farko lodin curin ƙarfe ne, a 1899. Kowane curi laba 92, wajen kilo 42. Lebura zai sunkuya ya ɗauka, ya bi katakon da aka jingina, ya jefa a tarago, ya sauko. A yini mutum ɗaya kan loda tan 12 da rabi, a sallame shi da dala 1.15. Taylor ya ce gajiya ke cin aikin, domin mai ɗaukar kaya irin wannan bai kamata nauyi ya zauna a hannunsa fiye da kashi 43 cikin ɗari na yini ba. A cewarsa, sai aka tsayar da mai agogo a kan wani lebura, Henry Noll, wanda Taylor ya laƙaba wa suna Schmidt a littafinsa na 1911: ɗauka, tafi, zauna ka huta, tashi. Ya loda tan 47, ya karɓi dala 1.85. Aiki ya kusa ninka huɗu, lada ta ƙaru da kashi 60 kacal. Taylor da kansa ya ce mutum ɗaya cikin takwas ke iya jure wannan.

To, daga ina adadin ya fito? A 1974 masu bincike biyu, Wrege da Perroni, suka tono rahoton mataimakan Taylor. An zaɓo ƙarfafa goma, aka ce su saki jiki, suka loda tan 16 da rabi cikin minti 14. Aka lissafa kamar haka za su yi ta yi har awa 10, ya ba da tan 71 ga kowa, aka cike shi 75, aka zabge kashi 40 don hutu da tsaiko, ya rage 45. Wannan kashi 40 ɗin ba wanda ya auna shi, ƙiyasi ne aka sa wa rigar ilimi. Kuskuren a fili yake: gudun minti 14 ba ya zama ma'aunin yini. Da aka mai da aikin jinga a kan wannan adadi, leburorin suka ƙi, aka kore su.

Aikin shebur ya fi tsayuwa da ƙafarsa. Kowane lebura da nasa shebur yake zuwa, da shi yake kwasar komai. In tama ce, kwasa ɗaya ta kai laba 30, bayansa ya ƙage kafin azahar. In garin kwal ne, ba ta kai laba 4 ba, hannu na ta kaiwa da komowa a banza. Aka ɗauki gwanaye, aka riƙa rage bakin shebur kaɗan kaɗan ana ƙirga tan ɗin da suka kwashe a yini, har aka gano laba 21, kusan kilo tara da rabi, ita ce ta fi yawan aiki. Kamfani ya buɗe ɗakin kayan aiki mai shebur iri takwas zuwa goma, ƙarami don tama, faffaɗa don kwal. Da safe kowa zai tarar da takarda mai faɗa masa shebur ɗin da zai karɓa da inda zai nufa, da wata ta sakamakon jiya. Da yake da yawansu ba sa karatu, launi ke magana: fara, ka cika aikinka, rawaya, ka gaza. A lissafin Taylor, leburorin fili sun ragu daga 400 zuwa 600 suka koma wajen 140, kowa daga tan 16 zuwa 59, kuɗin kwasar tan ɗaya ya faɗo ƙasa da rabi.

Duk da haka ba a rabu lafiya ba. Taylor ya saɓa da manyan kamfanin, a 1901 suka sallame shi. Amma kafin nan, ƙarfen yanka mai jure zafi da ya haɗa tare da abokin aikinsa Maunsel White ya ba mutane mamaki a baje kolin Faris na 1900, kuma ƙarfen ne ya jawo hankalin masanin Faransa Henri Le Chatelier, wanda ya zama mai tallata Taylor a ƙasarsa. Kamfanin motoci na Renault ya ɗauki agogon, ya bar sauran tsarin, ma'aikata suka tafi yajin aiki a 1913. Lenin, da ya taɓa kiran tsarin dabarar tatsar gumin ma'aikaci, a 1918 ya ce a gwada shi a Rasha.

Mako mai zuwa za mu leƙa ma'aikatar makamai ta Watertown, inda masu zubin ƙarfe suka ajiye aiki a 1911 saboda mai agogo, har maganar ta kai Taylor gaban kwamitin majalisar Amurka.