Aiki da AAV a ƙwaƙwalwar ɓera

A ɗakin binciken da nake aiki, bairos ɗan aike ne. Wanda muka fi amfani da shi ana ce masa AAV, kuma galibi ana ɗaukarsa a matsayin wanda ba ya jawo wa mutum cuta. Akan kwashe kusan duk DNA ɗinsa, a ɗura masa wanda muke so, misali na GCaMP, sinadarin da ke sa ƙwayar jijiya ta haska kore duk lokacin da ta yi aiki. Sai dai cikinsa ƙarami ne, yana ɗaukar DNA mai tsawon kilobes 4.7 (wato haruffan DNA 4,700) ko kusa da haka. In kayan sun fi nan, dole a rage ko a koma wa lentibairos, wani bairos ɗan aike mai ciki mafi girma.

Ranar allura ba ta son gaggawa. Nakan sa wa ɓeran maganin barci, in kafa kansa a maƙalar ƙarfe, in huda ƙoƙon kai ɗan mitsitsi, sannan in zura siririyar allurar gilashi. Ruwan bai kai ɗigo ba, kuma a hankali ake tura shi. Bayan ya shige, sai in bar allurar a wurin kamar minti 10. In aka zare da wuri, ruwan yakan biyo hanyar allurar ya hau sama, ya shiga ƙwayoyin da ba su ake nema ba. Daga nan sai jiran mako 2 zuwa 4 kafin haske ya bayyana. Bairos ɗin kuwa a firiza mai sanyin digiri -80 na ma'aunin Celsius yake zama, cikin ƙananan kwalabe, don yawan narkewa da daskarewa na rage masa ƙarfi.

Abin da ya fi koya mini hankali shi ne PHP.eB, wani nau'in AAV da ɗakin binciken Viviana Gradinaru a jami'ar Caltech ta Amurka ya fitar a 2017. Ta jijiyar jini ake ba da shi, ya tsallake shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, babu fasa kai. Amma a ɓeraye irin C57BL/6 yake wannan bajinta. A irin BALB/c kusan ba ya shiga, saboda bambanci a wani furotin mai suna LY6A da yake kamawa a bangon jijiyoyin jini.

Shi ya sa duk bairos ɗin da ya iso hannuna, ko daga Addgene ne, sananniyar cibiyar da ke raba wa masu bincike irin waɗannan kaya, sai na fara gwada shi a ɓeraye kaɗan na irin da zan yi aikin da su, in yanka ƙwaƙwalwar siriri-siriri, in duba a maikiroskof waɗanne ƙwayoyi ya kama da kuma iya inda ya bazu.