TARIHIN RAYUWATA, kashi na 9: "Me ka riƙe a hannunka?"

Assalamu alaikum jama'a. Satin da ya wuce na tsaya a inda aka mai da ni gidan Baffa a Fagge bayan rasuwar Malam, kuma nayi alƙawarin yau zan kawo labarin auren Yaya, to kuyi haƙuri ba shi zan kawo ba. Shekaranjiya ina gyara saman wadirof hannuna ya faɗa kan fiffiken nan na ƙaramin jirgin sama da na taɓa haɗawa da hannuna, rabin fiffike ne ma, gara ta ci gefensa, tun daga lokacin maganar Baffa ta dawo min kunne ta hana ni barci, shi yasa nace bari in sauke ta tukunna.

"Me ka riƙe a hannunka?" Tambayar da yake min kenan duk sanda ya ganni da kayan jirgi. Shi ɗan Kwari ne, a wajensa in ka saki yadi to ka riƙe kuɗi, in ka saki kuɗi ka riƙe yadi, abin da za ka wuni kana fiƙa da reza sannan ka ɗauka da hannunka ka miƙa wa iska, ba zare ba linzami, bai taɓa shiga kansa ba har ya koma ga Allah.

Duk yaron da ya tashi a Fagge a ƙarƙashin jirgi ya tashi, balle lokacin jigilar alhazai, ƙara har cikin haƙori. Sa'annina suna motar kara da ta langa-langa, ni kuwa sille nake nema da totuwa in haɗa jirgi, in ɗaura masa robar tif ɗin keke, in yanka farfela daga gwangwanin madara. Ba ya tashi. Taku biyar ya dunguri ƙasa. Kuma ni har yau ina alfahari da cewa jirgin sama na farko da ya sauka a Najeriya a Kano ya sauka, Nuwamban 1925, guda uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a filin wasan dawakin Turawa, Malam ne ya fara bani labarin kuma da yana raye nasan da ba'a yi min abin da aka yi min ba.

Wanda ya buɗe min ido Baba Injiniya ne na Sabon Gari, tsohon ma'aikacin Nigeria Airways da ya koma gyaran fanka da rediyo. An aike ni kai fankar Goggo, na ɗaga kai sai ga jirgi rataye a silin, fiffike dogo siriri kana hango haƙarƙarinsa ta cikin takarda. Nace Baba ina rimot ɗinsa? Ya kalle ni yace ɗana wannan ba shi da rimot, hankalinsa duk a jikinsa yake. Ya ɗora min wani katako a tafin hannu, wallahi na zaci ba komai ya ɗora, yace sunansa balsa, daga Kudancin Amurka ake kawo shi, galibi ƙasar Ikwado. Daga ranar in an tashi daga makaranta can nake zarcewa, ina share masa shago yana koya min.

Bari in ɗan yi bayani saboda masu tambayata a inbox wai ba diron bane? Ba shi bane. Wannan wasan da zarar jirgi ya bar hannunka shikenan ba ka da sauran iko da shi, gasar kuma ta daɗewa a sama ce ba ta gudu ba. Hukumar wasannin sama ta duniya, wato FAI, da ke Suwizalan, wadda aka kafa tun 1905, ita ta tsara ajujuwan. Akwai F1A, mara inji, ana jan sa da igiya mai tsawon mita 50 kamar yadda yara ke jan filfilon leda, in ya kai ƙololuwa ka sake shi, kuma nauyinsa kar ya gaza giram 410. Akwai F1B na roba, wanda ake kira Wakefield saboda kofin da wani attajirin Ingila ya bayar, a dokar yanzu robar kar ta wuce giram 30. Sai F1C mai ƙaramin inji da ake barin sa yayi aiki ƴan sakanni kawai ya mutu. Yawanci kowane zagaye sakan 180 ake nema, minti 3, in ka cika ka samu maki cikakke ko da jirgin zai yi awa a sama, waɗanda suka cike duk zagayen sai a sake haɗa su a ƙara musu lokaci har mutum ɗaya ya rage. Ni F1A na kama, don robar kirki ba ta samuwa a Kano, ta tif ba ta ɗaukar murɗi.

Abin da Baffa bai gani ba shine aikin duk kafin sakin ake yin sa. Bakin fukafukan sai an ɗan ɗaga su sama, shi ne in iska ta karkata jirgin yake dawowa daidai da kansa. Sai ka ɗora shi kan yatsu biyu wajen tsakiyar faɗin fiffike ka ga ko ya tsaya, in jela ta rinjaya ka ƙara dalma a hanci, ɗan mitsitsi. Sannan da asuba kafin iska ta motsa ka je inda akwai ciyawa ka tura shi a hankali daga kafaɗa, in ya ɗaga hanci ya tsaya cak ya faɗo ka san abin da za ka rage, in ya nutsa ka yanki bayan kwalin ashana ka cusa ƙarƙashin bayan jela, kaurin kwali ɗaya tak yana canza tafiyar jirgi gaba ɗaya. Sai a ɗan karkata linzamin jela don ya riƙa kewaye maimakon ya miƙe ya bar gari. Sati uku nayi ina wannan kaɗai a kan jirgi ɗaya.

Sai karatun iska, wanda shi yafi komai daɗi. In rana ta gasa ƙasa iska mai ɗumi takan tashi sama kamar rijiya a juye, ita shirwa ke hawa tana kewaye ba ta kaɗa fiffike. Turawa suna da na'urorin auna zafi, mu zaren kaset muke ɗaurawa a kan gora mu kafa, mu kuma zuba wa shirwa ido. Za ka ji iska ta ɗauke ɗif, wuyanka ya ɗau ɗumi, zaren kaset ya fara miƙewa sama, to lokacin ne. In ka yi jinkiri har sanyi-sanyi ya biyo baya ta wuce ka. Har yau in ina tafe da Maman yara a mota na hango shirwa tana kewaye sai na rage gudu, ta daina tambayata ma.

Shekarun baya a bikin autan Baffa aka kawo diron yana shawagi kan mutane yana ɗaukar hoto, Baffa yana kan kujera tsufa ya kama shi sosai, ya ɗaga kai yana murmushi yana cewa kai zamani, kai ilimi. Ina tsaye a bayansa. Wanda yake tuƙa abin saye yayi a kwali, ko sukurun ciki bai taɓa kwancewa ba, amma shi an ga abin da ya riƙe a hannunsa. Ban ce komai ba, fita nayi waje na daɗe.

To ranar da abin ya faru mu shida ne, duk yaran Baba Injiniya, muka haɗa kuɗin mota muka fita bayan gari can gaba da Rijiyar Zaki, lokacin duk gonaki ne an gama girbi, ba irin yanzu da gini ya cinye ba. Zagaye biyar muka yanka, Baba ne riƙe da agogo. Na cike uku na farko, sakan 180 kowanne, ba wanda ya taɓa yin haka a cikinmu. Yadda ake dawo da jirgi kuwa, akwai ƴar roba da ke danne jela, sai a saƙala mata guntun lagwani a kunna, mun auna tsawon da zai ci minti uku, in wuta ta iso ta cinye robar sai jela ta ɗage sama jirgin ya sauko a kwance a hankali kamar ganye. A zagaye na huɗu wajen sha biyun rana abokina ya riƙe min jirgi, ya kunna lagwani, na ruga da igiya ina jin yadda take ja a yatsuna kamar an kama babban kifi, na san na shiga mai ƙarfi, na saki. Ya hau. Ya cigaba da hawa, shirwa biyu suna kewaye tare dashi. Baba yace ya cika! Muna jiran jela ta ɗage ba ta ɗage ba. Lagwanin ya mutu a sama. Na bi shi da gudu cikin kututturen dawa har silifas ɗina ya tsinke, ƙaya ta cika min ƙafa, ina kallo ya koma ɗigo ya shige hazo.

Wata huɗu nayi ina gina shi.

Na shigo gida bayan magariba Baffa yana zaure kan buzu. Ya dubi ƙafata ya dubi hannuna. "Kai yaro, me ka riƙe a hannunka?" Na durƙusa nace Baffa yau minti uku-uku nayi har sau huɗu, ba wanda ya kamo ni. Yace ba abin da na tambaye ka kenan ba. Da ya tsaya nan da na haƙura. Amma washegari na dawo daga makaranta na tarar kwalin da nake ɓoyewa ƙarƙashin gado babu, ragowar balsan da Baba Injiniya ya bani, wanda shi kansa shekaru yana adana shi, da zanen fiffiken da na kwafa da hannuna, yasa an ba Goggo ta hura wutar tuwo da su. Goggo da kanta ta gaya min tana share ido da gefen mayafi, tace ɗan nan ko minti ɗaya bai yi ba ya cinye, kamar auduga. Daren nan ban ci tuwon ba. Kuma daga ranar aka fara tafiya dani Kwari duk Asabar da Lahadi.

Mutane suna ce min ai gata yayi maka, ga shi yanzu da shagonka. Na sani, shi ya ciyar dani shi ya yi min aure, kuma ina sa shi a addu'a kullum, Allah ya jiƙansa. Amma ba'a tambaye ni ba, ko kira na ba'a yi ba, kuma kunyar da na ji ta hana ni komawa wajen Baba Injiniya in gaya masa inda katakonsa ya ƙare. Ina ta cewa sai wani satin sai wani satin, ranar da na daure naje na tarar da mai sai da katifa a shagon, aka ce ya koma garinsu. Wannan nawa laifin ne ba na Baffa ba, ko na gode ban yi masa ba.

Shi kuwa fiffiken, Baba ya koya mana kowa ya rubuta sunansa da unguwarsu a jiki, ni na rubuta da boko da ajami. Bayan damina wani dattijo mai kawo itace a jaki ya yi sallama a ƙofar gida da shi naɗe a buhu, yace yaransa ne suka tsinta a kan dorawa, sauran jikin ruwa ya lalata. Baffa yana kasuwa. Na ba dattijon duk kuɗin da ke aljihuna, na shige da shi ɗakin Goggo ta ɓoye min a bayan jeren kwanukanta, shekara tara yana nan sai da zan tare a gidana na ɗauko. Sau da yawa na so in kai wa Baffa in ajiye a gabansa, har lokacin jinyarsa ta ƙarshe na taɓa sa shi a but ɗin mota na je har ƙofar gida, ban fito dashi ba.

Auren Yaya sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.