Bayan tiyatar zuciya, yaushe yaro zai koma wasa?

Ƙashin ƙirjin da aka tsaga yakan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe. Kafin nan kada a ɗaga yaro ta hammata, a tallabo mazaunansa da bayansa. Ban da keke, ban da kokawa.

Wanda aka toshe wa rami a zuciya galibi yakan koma ƙwallo idan likita ya duba hoton zuciyar ya amince. Killace shi a ɗaki kuskure ne, jiki mutuwa yake yi. Yaron da aka yi wa tiyatar Fontan kuwa, wato tiyatar da ake yi wa wanda ɓangare ɗaya kawai na zuciyarsa ke harba jini sosai, daban ne: yana saurin gajiya, ƙishirwa na kayar da shi, a riƙa ba shi ruwa. Mai shan warfarin, maganin da ke hana jini daskarewa, ya guji wasan karo. Suma ko ciwon ƙirji, sai asibiti nan take.