Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Yaya da Keken Ɗinkinsa

Baffa ya sha faɗa a tsakar gidanmu na Yelwa a Garwa cewa wanda ya iya cin tuwo ya iya neman tuwo, kuma a kan Yaya yake faɗar haka. A lokacin an dawo da shi daga asibitin Jamot na Yawunde, inda likita ya ce sikizofireniya, wata cutar taɓin hankali, ce ke damunsa, ya ɗora shi a kan maganin haloperidol. Muryoyin da yake ji sun lafa, ya daina zargin an sa masa guba a kunu, sai dangi suka ɗauka ya warke, har Goggo ta yi sadakar waina.

Abin da ba su gane ba shi ne cutar tana da wani ɓangare marar hayaniya, wanda ke kashe wa mutum kuzari da sha'awar shiga jama'a, ya raunana masa riƙe abu a ka da tsara aiki daki-daki, kuma magani bai cika taɓa wannan ɓangaren ba. Yaya tela ne da yake yanka babbar riga ba tare da ya sake awo ba, amma na gan shi ya auna kafaɗa, kafin ya ɗauki alli ya manta adadin. Ga maganin yana sa masa rawar hannu da sandarewar jiki, har zare sai na zura masa a allura. Wanka ma sai Inna ta kai ruwa ta tsaya a kansa, Baffa kuwa yana cewa, "Hajiya, ke kike sangarta shi."

Sai bayan na yi aure a Marwa wata ma'aikaciyar jinya ta gaya mini cewa a lokacin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan cuta a duniya sun kai miliyan 24, wato kusan mutum 1 cikin 300. Na so a ce Baffa yana raye ya ji, shi da bai taɓa sayen maganin wata guda ba amma kullum maganar tuwo ke bakinsa.

Wanda ya fahimci Yaya shi ne tsohon maigidansa, da ya riƙa ba shi ɗinkin maɓalli da kalmasa da sassafe kafin zafin Garwa ya taso, aiki ɗaya a lokaci ɗaya, yana biyansa a hannu. Da wannan kuɗin Yaya ya fara sayen sabulunsa da kansa. Yadda aka sayar da kekensa ba da saninsa ba, da wanda ya karɓi kuɗin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.