Abin da aikin bedet na Lome ya koya mini

Yau wata biyar kenan da na dawo gida Damagaram, kuma har yanzu in na zauna fada ana shayi sai wani ya tambaye ni wai me ya raba ni da aikin bedet, wato jirgin ruwa mai gudu, na Lome, aikin da kowa ke gani na dace. Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, shi ya sa yau na ce bari in rubuta gaba ɗaya, musamman saboda yaranmu da ke can bakin por, tashar jiragen ruwa, har yanzu, sun san patron sun san bedet ɗin, ba sai na kama sunan kowa ba.

Ni ne mai riƙe kayen isansi, wato littafin lissafin man da jirgi ke sha, shekara uku. Bedet ɗinmu babba mai moter uku ce maƙale a bayanta, Yamaha doki 300 kowane, ita ke kai kaya da matuƙa wajen manyan jiragen da ke jira a teku kafin su samu shiga por. Wata rana patron ya kira ni biro ya ce isansi na cinye masa riba, in duba masa in an cire moter ɗaya nawa za a rage. Na zauna da kalkuleta na ce ai lissafi a fili yake, baki uku na sha, in aka rufe ɗaya kashi ɗaya cikin uku ya tsira kenan. Har na ƙara masa da cewa nauyi zai ragu, don moter ɗaya ya wuce kilo 250, ga bidanji, canjin man inji, kowace awa 100 da za ta zama ta biyu maimakon uku, ga ƙafar moter ta tsakiya da ke jan ruwa ita ma za ta fita. Duk waɗannan gaskiya ne wlh, ban yi ƙarya ko ɗaya ba, kuskurena shi ne na lissafa litir a awa, ban lissafa litir a tafiya ba.

Tsohon pilot ɗinmu ya ce mini yaro kar ka sa hannu a takardar nan, jirgin nan da kaya ba zai tashi da biyu ba. Ban saurare shi ba, na ga ni ne na yi lekol.

Abin da yake nufi da tashi sai daga baya na gane shi da idona. Irin wannan jirgi in ya samu ƙarfi yakan ɗago ya hau saman ruwa yana sulɓi, a nan ne yake shan mai kaɗan. In ƙarfi bai kai ba sai hanci ya ɗaga sama, gindi ya nutse, yana ture ruwa kamar garma cikin laka, moter na kuka tafiya ba ta ci. Ranar farko da muka fita da biyu, an loda mana bidon-bidon na ruwa da buhunan shinkafa da mutum tara, ina tsaye kusa da pilot na riƙe ƙarfe, ya tura akselerata har ƙarshe, allura ta tsaya wajen tur 4800, wato juyin moter a minti, ta ƙi gaba, alhali littafin moter ɗin ya ce in an buɗe duka ya kamata ya kai tsakanin 5000 da 6000. Sai da ya ce mutum huɗu su koma gaba kafin jirgin ya kwanta. Ya waiwayo ya dube ni bai ce komai ba, ni kuma cikina ya ɗuri ruwa.

Ga yadda abin yake. Moter na doki 300 in ka buɗe shi duka yana shan kusan litir 100 a awa, amma in yana tafiya a natse wajen tur 3500 zuwa 4000 ko rabin haka ba ya sha. To da uku muna tafiya kowane na aiki a hutarsa, kayena na nuna litir 4 da ɗan kai a kowane mil na teku, wato mita 1852. Da muka koma biyu, su biyun kullum a wuya suke, sai ga shi mun doshi litir 6 a mil in da kaya, ga lokaci ya ƙaru. Kuma farfelar da ke jiki an zaɓe ta ne don moter uku su raba nauyi, ba wanda ya yi tunanin canza ta, ni ma ban yi ba. In jirgin ba kaya kam, biyun sun fi ukun tattali, wannan na gani a dawowa kullum, to amma mu ba don yawo wayam ake biyanmu ba.

Wata na farko da lissafi ya fito isansi ya haura maimakon ya sauka, na ɗauki kaye na je da kaina na ce patron na yi kuskure, ga dalili, a mai da moter ko a canza farfela. Ko buɗe kayen bai yi ba. Ya ce kai da bakinka ka ce za a rage, yanzu ya ƙaru, to ina man yake zuwa? A gaban ma'aikata, a gaban yaran da nake ba umarni, ya ce ni da pilot muna zuƙe isansi muna sayarwa a bidon, wai ai ya san mutanen garinmu da sana'ar ruwa-ruwa, wato sayar da mai ta bayan fage. Wannan kalma ita ce har yau in na tuna barci ke ƙaurace mini. Kuskuren lissafi na yarda nawa ne, na ɗauka, amma sata? Shekara uku ina auna tanki da sanda safe da yamma, litir ɗaya bai taɓa ɓata a hannuna ba. Kuma bai tsaya nan ba sai da ya buga wa kawuna waya, wanda ya tsaya mini na samu aikin, dattijo mai furfura ya kira ni yana cewa ɗana faɗa mini gaskiya tsakaninka da Allah. Na yi kuka ranar, ba na ɓoyewa.

Sauran abin da na koya ba su da yawa. Shawarar da za ta taɓa kuɗin wani kar ka ba da ita sai an gwada a ruwa da cikakken kaya, zuwa da dawowa. Duk abin da ka faɗa wa maigida ka rubuta ka ajiye kwafi. Wanda ya yi shekara talatin a kan sitiyari in ya ce a'a, ka tambaye shi dalili. Kuma ku da ke can ku riƙa duba ƙasan jirgi, ƙazantar teku in ta manne ita ma tana cin mai, kar a ɗora wa wani.

Yanzu ina riƙe wa wani ɗan kasuwa lissafin gazuwal na kamiyo biyu da ke zuwa Agadas, kuma abin da na fara yi shi ne na raba shafi biyu, da lodi da ba lodi, litir a kilomita 100. Makon jiya pilot ya kira ni ya ce an mai da moter na ukun tun wata biyu da suka wuce, isansi ya koma yadda yake a kayena na da. Patron bai kira ni ba, bai kira kawu ba, kuma albashina na wata biyu yana hannunsa.